Bulo Dubu Goma da Bakwai

Akwai wata mata mai sayar da albasa da tattasai a bakin kasuwa, ana ce mata Ba-Ragi. Halinta ne ya ja mata sunan. In ta faɗi kuɗin kaya, ko uwar da ta haife ta ce ta zo, haka za ta saya ko ta bari.

Hannunta sikeli ne. Za ta juye buhun albasa ta kasa shi kashi arba'in, ka duba ka sake dubawa, ba ka ga wanda ya fi wani. In ƙwaya biyu ko uku suka yi saura, sai ta jefa su a ƙullin zaninta ta ce, "Wannan na mai kaya ne." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Mijinta malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Suna zaune a gidajen malamai da ke bayan makarantar, ɗaki biyu da falo, kwanon yana yoyo a kusurwa ɗaya tun ranar da suka shiga. Gidan ba nasu ba ne. Ranar da aiki ya ƙare, ranar ake karɓe mabuɗi. Ita da shi duk sun san da haka.

Malam mutum ne shiru-shiru, kullum da guntun alli a aljihun riga. Lambobi a wurinsa kamar mutane suke, kowace da halinta. In mota ta wuce sai ka ji yana raba lambarta a bakinsa, yana cewa wannan cika ce, ta rabu biyu ba saura, waccan mara ce, dole ɗaya ya tsaya shi kaɗai. Ba-Ragi takan ce masa ya bar raba motocin mutane ya je ya gyara birkin kekensa.

Yakan ce akwai lamba mai saurin yarda, kamar sha biyu. Biyu ya zo ta bi shi, uku ya zo ta bi shi, huɗu da shida ma haka. Akwai kuma mai taurin kai, kamar bakwai, ko sha ɗaya, ko sha uku, wadda ba ta rabuwa kashi-kashi daidai, sai dai ka fasa ta.

"Kawo min albasa sha uku ka ga aiki," in ji ta. "Ni ban ga abin da ba ya rabuwa ba a duniyar nan."

Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da duba takardun ɗalibai.

Abu ɗaya Malam ya sa a gaba. Yana da fili a gefen gari, jikin gidan wani tsohon abokinsa mai aikin gini, wanda kowa ke kira Birkila. Duk ƙarshen wata sai ya ɗaura buhun siminti ɗaya a bayan keke ya kai can. Ranar Asabar da sassafe su kwaɓa, su buga bulo talatin da biyar, ba ƙari. Masu sayarwa kan ja buhu ɗaya ya fitar da hamsin, shi bai yarda ba. Ya ce bangon da matarsa za ta jingina ba a yi masa algus. Kwana bakwai yana zuwa yana ba su ruwa kamar shuka, sannan a jera su a rufe da tsohon kwano.

Shekara ashirin da huɗu yana haka. Layin bulo ya cika rabin filin, har mutanen unguwa suka sa wa wurin suna makarantar bulo, wai sun yi sahu kamar ɗalibai da safe.

Zanen gidan yana bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Ƙofa ɗaya, tsakar gida ɗaya, sashe uku na yaransu uku. Nata ɗakunan a tsakiya, suna kallon ƙofa, don ta ga mai shiga da mai fita, da baranda mai faɗi inda za ta shanya albasa. Ya ce in kuɗin sallamarsa ya fito za a tashi ginin gaba ɗaya, don shi ba ya son bangon da zai tsaya rabi yana shan ruwan sama.

Ita kuwa duk shekara sai ta tambaye shi ko a cikin ramin bulon za su riƙa kwana.

Yaran sun girma. Babban yana tuƙa motar yashi, ana ce masa Mai Tifa. Ta biyun tana aiki a asibiti, ana ce mata Nas, tana gidan miji. Auta yana gyaran waya a wata rumfa bakin titi.

Malam na gab da ajiye aiki ciwo ya kama shi. Kuɗin sallamar da aka yi ta jira, asibiti ya cinye kafin ya zauna a hannu.

Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, ya sa Birkila ya ɗauke shi a babur zuwa filin. Suka ƙirga bulon layi-layi, sau uku. Dubu goma da ƙwaya takwas.

Malam ya zauna a kan bulo ɗaya, ya ciro alli, ya yi 'yan rubuce-rubuce a jikin wani. Can ya ce a miƙo masa guduma. Birkila ya zaci wani mai tsaga ya gani. Sai ya ga mutumin da ko ɗigon siminti ya zube sai ya kwashe, ya zaɓi bulo lafiyayye ya sa a gaba, yana bugu yana haki, har ya zama gari.

Labarin ya riga shi isa gida. Ba-Ragi ta tare shi tun daga ƙofa, ta tambaye shi siminti ya fasa ko hankalinsa.

Sai da ya kwanta ya huta sannan ya amsa. Ya ce dubu goma da takwas mayaudariya ce. Biyu ya zo ta bi shi, uku, huɗu, shida, takwas, tara, kowa ya kira ta sai ta tafi. Dubu goma da bakwai kuwa ba ta bin kowa.

Ya ciro takarda daga ƙarƙashin matashi, Birkila ya riga ya dangwala hannu a matsayin shaida. Ya karanta mata, don ita karatunta bai wuce lambar kuɗi da sunanta ba. Filin da bulon duka ya ba ta kyauta tun yana da rai. In har za a raba bulon, a raba daidai wa daida. Kada a fasa ko ɗaya, kada a ƙaro daga waje, kada a bar saura.

"Yaran nan ba mugaye ba ne," in ji shi, "amma kowa da inda zuciyarsa ta nufa. Lambar nan za ta tsare miki rufi in kin bar ta yadda take. Ba su nake tsoro ba. Wayonki nake tsoro."

Ta ja tsaki ta ce ya sha maganinsa. A ranta ta ɗauke ta a matsayin baƙar magana, wai mutum yana kwance ma sai ya nuna mata ya fi ta karatu.

Bayan kwana goma sha tara Malam ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Ba a daɗe da watsewar masu gaisuwa ba takarda ta zo daga makaranta. An yi mata kara, an ba ta wata shida ta bar gidan, don sabon malami na jira.

Daga nan yara suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana zaɓar lokacin da sauran ba sa nan.

Mai Tifa ya ce zamanin a taru a gida ɗaya ya wuce, in aka ba shi kasonsa zai yi ginin da ɗakinta zai zama na farko. Nas ta ce ita da mijinta sun riga sun zuba tushe a filinsa, bulo kawai suke jira, kuma ina uwa za ta fi jin daɗi in ba wurin 'ya mace ba, ga awon jini kyauta. Auta ya kwanta a kan tabarmarta kamar yadda ya saba, ya ce shaguna uku kawai zai yi, da ɗaki a baya, shi da Innarsa.

Ta ji daɗi, ba ƙarya. Wace uwa ce ba za ta ji daɗi ba, ana rububinta kamar kayan farkon kaka? Ta ce su haɗu a filin a gani.

Suka haɗu, Birkila na tsaye da takarda a hannu. Auta ya ciro waya ya buga. A raba uku, kowa dubu uku da ɗari uku da talatin da biyar, saura biyu.

Nas ta ce to a sa da Inna, a raba huɗu. Dubu biyu da ɗari biyar da ɗaya, saura uku. Mai Tifa ya ce a sa da matarsa, ai ita ma 'yar gida ce. Biyar, saura biyu. Nas ta ce in haka ne mijinta ma ba daga sama ya faɗo ba. Shida, saura biyar.

Ni ba mai boko ba ce, amma na sa an buga min a waya na gani da idona. Ku ma ku gwada a taku.

Mai Tifa ya ce a fasa biyun nan kowa ya ɗauki guntu. Birkila ya nuna takarda da yatsa. Auta ya ce to ya je ya sayo ɗaya a ƙara, shi ke nan. Birkila ya sake nuna takarda.

Auta ya yi rantsuwa sai ya samo bakin zaren. Mako guda yana bugawa a rumfarsa, da bakwai, da takwas, da tara, har ɗari. Ko ɗaya ba ta faɗa daidai ba. Ya zo ya ce zai ci gaba, Birkila ya ce ya huta. Malam ya bar saƙo, in sun kai ɗari ba ta rabu ba, a gaya musu gaba ma ba za ta rabu ba.

"Baba Birkila, wato da gangan ya yi mana haka?"

"Da guduma ma," in ji tsohon.

An yi fushi, an yi gaba na 'yan makonni. Mai Tifa ya ce uban nasu ya mutu da allinsa a hannu yana ba su jarrabawa. Amma fushi ba ya gina ɗaki, ga wa'adin makaranta yana matsowa. A hankali suka sauko. Nas ta ce in dai gida ɗayan za a yi, ita za ta ɗauki kwanon rufi. Auta ya ce wuta da ƙofofi nasa. Mai Tifa, yana ƙunƙuni, ya juye yashi mota biyu a bakin filin. Birkila ya ce shi ba zai karɓi ladan aiki ba, alkawari ne tsakaninsa da marigayi. Ya kafa turaku, ya ja igiya, siffar gidan ta fito a ƙasa. Aka sa ranar Asabar a fara haƙa.

Da Ba-Ragi ta kama bakinta na kwana uku kacal, da yau wani labarin nake ba ku.

A kasuwa tana da maƙwabciyar rumfa mai sayar da tumatir. Shekara ashirin suna zaune kafaɗa da kafaɗa, suna gaisawa da baki suna harara da ido. Labarin lambar ya riga ya zaga layin. Ran nan ana tsaka da ciniki, Mai Tumatir ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ashe akwai kayan da suka gagari Ba-Ragi rabawa? Malam yana kwance a ƙasa ya ci ki ciniki, ko tayi ba ki yi ba."

Layin ya ɗauka da dariya. Mai nama ya ce ai boko boko ne. Wata ta ce shekara talatin tana yi masa tsiya, ashe tara mata yake yi.

Ba-Ragi ta ci gaba da kasa albasa. Ta gama buhun, ƙwaya biyu suka yi saura. Ta ɗauka za ta jefa a zani kamar kullum, sai ta tsaya tana kallon su a tafin hannunta.

Ranar Asabar kowa ya hallara, masu haƙa sun zo da diga da shebur. Ta ce a dakata. Ta gyara ɗamara, ta je layin farko, ta ɗaga bulo ɗaya ta ɗora a ka. Auta ya taso zai karɓa, ta ce ya matsa. Ta kai shi gindin bishiyar da ke bakin filin ta ajiye. Ta koma ta ɗauko na biyu.

Ta karkaɗe hannu ta juyo.

"Takarda ta ce bulon na waye?"

Birkila ya ce nata.

"To waɗannan biyun ba saura ba ne. Na mai kaya ne, na ɗauke abina kafin rabo. Ban fasa ba, ban ƙara ba. Auta, buga min abin da ya rage."

Dubu goma da biyar. A raba uku. Auta ya kalli wayar, ya ɗago, ya sake kallo. Dubu uku da ɗari uku da talatin da biyar, ba saura.

Mai Tifa ya cire hula ya ce wallahi Inna ta fi jami'a. Nas ta rungume ta. Auta ya ce da Inna ce ta koyar da lissafin da ba wanda zai faɗi jarrabawa. Masu haƙa suka saɓa digarsu suna tambayar wa zai biya su kuɗin mota.

Birkila ya sunkuya ya fara zare turakunsa, yana naɗe igiyar a gwiwar hannu. Ta ce masa ba zai yi mata barka ba? Ta yi abin da ya gagari malamai.

"Matar Malam," in ji shi, "ɗakinki nake naɗewa yanzu haka. Ki bari in gama."

Ta ce tsufa ne ke damunsa. Ɗaki ɗaya ta bari, uku ke jiranta.

Daga nan kasuwa ta nufa, ko gida ba ta biya ba. Ta tsaya gaban Mai Tumatir ta ba da labarin tiryan-tiryan. Ranar har shayi mai nama ya saya mata. Wuni guda ta yi tana sarauta a layin nan. Wuni guda.

Cikin kwana tara Mai Tifa ya kwashe bulon kaf, kowa aka kai masa nasa. Abin da ya rage a filin sai shacin inda layukan suka zauna, ƙasa fara tas, ciyawa ba ta taɓa fitowa ba.

Sai kuma aka dawo mata da maganar filin. Yaran suka ce fili ba bulo ai wurin kiwon awaki ne, ga shi kowa na bukatar rufi don a gama mata ɗaki da wuri. Ta yarda. Mako uku tana jan mai saye, ya tafi ya dawo, ya aiko ɗan'uwansa, ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ba ta rage masa ko sisi ba. Dillalai har yau suna ba da labarin cinikin. Abin da aka samu ta kasa uku da hannunta. Wannan karon ko na mai kaya ba ta cire ba.

Wata shida ya cika. Sabon malamin ya zo da matarsa da katifa a kan mota, suna tsaye a ƙofa suna jin kunya. Ta miƙa mabuɗi, ta nuna musu kusurwar da ke yoyo.

Ta fara da gidan babba. Nan ta tarar ko bulo ɗaya bai dasa ba. Tun a makon farko ya sayar wa wani ɗan kwangila, ya sauya injin motarsa. Yana nan a ɗaki biyu na haya da yara biyar. Ya ce ta yi haƙuri, mota na dawowa daidai zai fara gini.

Gidan Nas ya tashi, har da fenti. Ɗakin da aka ce nata yana nan, amma an cika shi da kwalayen kayan mijin. Gidan a filinsa yake, sunansa ne a takarda. Nas tana magana tana waiwayen ƙofa.

Auta ya yi shagunansa uku, ya ba da biyu haya. Ɗakin bayan, tabarma ɗaya ce ke shiga, janareta na jingine da bangon.

Suka zauna a falon Nas don a san yadda za a yi da ita. Auta ne ya kawo mafita. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, shekara wata sha biyu ce, kowa ya ɗauki Inna wata huɗu.

Sha biyu. Mai saurin yarda, wadda kowa ya kira ta sai ta bi. Ta ji muryar Malam a kunnenta kamar yana zaune a kujerar gefe. Ta ce to.

Ta yi shekarar. A gidan Mai Tifa a falo take kwana, ta naɗe shimfiɗa kafin yara su tashi shirin makaranta. A gidan Nas aka matsar da kwalaye aka sa mata katifa, amma aka roƙe ta kada ta shigo da albasa, mai gidan ba ya son warin. A wurin Auta ta koyi barci da ƙarar janareta a cikin haƙoranta. Kayanta ba su taɓa fita daga jaka ba. In wa'adi ya kusa, sai ta ga an fara yi mata fara'a fiye da kullum, ta san ana ƙirga kwana.

Da shekara ta zagayo aka sake zama a falon. Ita tana ɗakin kwalaye, ƙofa a buɗe, sun zaci barci take.

Nas ce ta fara. Ta ce ba don komai ba, mijinta ne ya duba kalanda. Watannin ba daidai suke ba. Su sun yi kwana ɗari da ashirin da uku, Yaya kuwa ɗari da ashirin kawai. A bana a yi da kwana, kada a cuci kowa.

Auta ya ciro waya. Ɗari uku da sittin da biyar, a raba uku. Kowa kwana ɗari da ashirin da ɗaya.

Saura biyu.

Mai Tifa ya ce shi ɗakinsa biyu ne kowa ya sani. Nas ta ce ita ta riga ta yi ƙarin uku bara. Auta ya ce shi ne ƙarami, kuma ya yi ɗari da ashirin da biyu bai yi magana ba. Aka shiga ja-in-ja, murya ƙasa-ƙasa, a kan wa zai ɗauki uwarsu na kwana biyu.

Sai ga ta a bakin ƙofa, mayafi a kafaɗa, jaka a hannu. Ba ta yi kuka ba. Irin su ba sa kuka a gaban mutane.

"Ku bar wahalar da waya," in ji ta. "Biyun nan na mai kaya ne."

Ta fita. Suka biyo ta har titi suna Inna ki tsaya, Inna ba haka ake nufi ba. Ta tare mai babur, ta yi ciniki da shi sai da ya rage, ta hau. Daga kwana biyun nan ba ta sake kwana a gidan ɗayansu ba.

Yanzu tana wani ɗaki na haya a bayan kasuwa, mai taga ɗaya da ke kallon kwata. Yaran suna zuwa, ba za a yi musu ƙarya ba. Suna kawo 'yan ledoji, su gaishe ta a tsaye, su ce ta dawo. Takan tambaye su kwana nawa, sai su ajiye ledojin su tafi.

Wata rana da hantsi sai ga Birkila yana turo baro, ya ƙara tsufa, yana tafiya yana hutawa. A cikin baron bulo biyu ne. Ya ce ranar da sabon mai filin ya zo share wuri ya gan su a gindin bishiya, ya ɗauke ya ajiye mata. Ya sauke su a bakin ƙofarta. Ta zauna a kan ɗaya, ya zauna a kan ɗaya.

Ta daɗe tana shafa gefen nata da tafin hannu. Ko ɓarɓashi bai zubo ba.

Ta tambaye shi, mutumin da ya hango a fasa, ya hango a ƙara, ya aka yi bai hango a rage ba?

Birkila ya ce ya hango. Shi da kansa ya ce wa Malam ya rubuta kada a rage. Malam ya ajiye biro ya ce a'a, kayanta ne, ba zai hana mace ɗaukar kayanta ba. Ya toshe wa yara ƙofa uku, ya bar ɗaya, mabuɗin yana hannunta ita kaɗai.

"Ya ce min, in ta buɗe, kada ka yi mata gori. Ka dai adana mata abin da ta ɗauka."

Ba-Ragi ta juya fuska wajen kwata. Wani mai baro ya wuce yana neman hanya. Can ta ce, da murya irin wadda ba a san ta da ita ba a kasuwa:

"In na mayar da biyun nan, lambar za ta koma yadda take?"

"Za ta koma," in ji Birkila. "Kawo dubu goma da biyar ɗin mu haɗa."

Da rana ta take Birkila ya tura baronsa ya tafi.

Har yau in ka bi ta bayan kasuwar za ka gan ta. A kan bulo ɗaya take zama, a kan ɗayan take ɗora tiren albasa. Wani makanike ya taɓa taya su, wai zai riƙa tare tayar mota, ya ce irin wannan bulon ba a yin sa yanzu. Ta ce ba na sayarwa ba ne. Ya ƙara kuɗi. Ta ce ya ɗauki albasa ko ya ba mutane wuri.

Kada kowa ya biyo ni ta saƙo yana tambayar wace ce. Ba zan faɗa ba.

Darasi: Ba kowane ƙulli ne aka ɗaura don a gwada wayonka ba, wani an ɗaura shi ne don ya riƙe ka. In mai ƙaunarka ya bar maka abu a dunƙule, ka tambayi dalili kafin ka nuna wa 'yan kasuwa ka iya rabo, don masu yi maka dariya yau ba su za su ba ka ɗaki gobe ba. Ku kuma 'ya'ya, wanda ya ƙirga kwanan uwarsa a gidansa ya sani nasa yaran suna kallo, kuma sun fi shi iya waya. Ku tura wa 'yan'uwanku, musamman gidan da ake shirin rabo.